"Maitama Extension", "Gwarinpa Extension", "Karu, Abuja": ina ainihin iyakar unguwannin nan take?

Ɗan_Funtuwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar filaye da gidaje a Abuja. Tallan da ake sakawa a Facebook da Jiji da zaurukan WhatsApp cike yake da sunayen da ke ɗaure kai. Fili ɗaya, wannan dillalin ya rubuta masa Maitama Extension, wancan ya rubuta Mpape, alhali hoton ɗaya ne, har dutsen da ke bayan filin shi ne. Gwarinpa Extension ma haka, wani ya ce Karsana ake nufi, wani ya ce Dawaki. Sai kuma "Karu, Abuja", wanda ake cewa rabinsa a jihar Nasarawa yake.

Wa ke da hurumin cewa nan ne iyakar unguwa kaza? A wace takarda mai saye zai ga sunan da ake aiki da shi a hukumance? Kuma idan talla ta faɗi wani suna, takarda ta faɗi wani, mutum zai iya fasa cinikin ya karɓi kuɗinsa? Allah Ya saka da alheri.

Safiyo_Bwari:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ke rikita mutane shi ne wuri ɗaya yakan amsa suna fiye da ɗaya. Akwai sunan ƙauyen asali, galibi na Gbagyi, wanda ya riga birnin zama. Akwai sunan gunduma da ke cikin tsarin birnin da aka zana a 1979. Sai sunan kasuwa, wanda dillalai da masu gina rukunin gidaje ke raɗawa. Na gunduma ne kaɗai yake da iyaka a taswira, kuma shi ne ake rubutawa a takardar mallaka.

Kowace gunduma tana da harafi da lamba. A takarda za ka ga an rubuta Cadastral Zone, sai lambar ta biyo baya. Harafin A na kashin farko na birnin ne: A00 tsakiyar gari, A01 Garki I, A02 Wuse I, A03 Garki II, A04 Asokoro, A05 da A06 Maitama, A07 da A08 Wuse II, A09 Guzape. Harafin B kashi na biyu ne: B01 Gudu, B02 Durumi, B03 Wuye, B04 Jabi, B05 Utako, B06 Mabushi, B07 Katampe, B08 Jahi, B09 Kado. Harafin C kashi na uku: C01 Karmo, C02 da C03 Gwarinpa, C04 Dape, C05 Kafe, C07 Galadimawa, C09 Lokogoma. Duk wanda ya ce maka filinsa a Maitama yake, ka ce ya karanto maka wannan layin. In ba A05 ko A06 ba ne, to ba Maitaman da ka sani ba ce.

Inda ake samun kafar ruɗi shi ne wasu sunayen masu "Extension" ko "II" na gaskiya ne. Katampe Extension gunduma ce mai lambarta, B19. Maitama II ma haka, A10 ce, tana wajen Mpape. To da yake akwai Maitama II ta hukuma, sai mai fili a cikin garin Mpape, wanda ke ƙarƙashin ƙaramar hukumar Bwari, ya ari sunan ya liƙa wa filin da mai unguwa ya yanka da igiya. Tsakanin filayen biyu wataƙila tafiyar minti kaɗan ce, amma a wajen takarda babu abin da ya haɗa su. Gwarinpa Extension kuwa sunan talla ne. Galibi Karsana ake nufi, wadda ke kashi na huɗu, wasu kuma suna jawo shi har Dawaki, wadda sai ka tsallaka babban titin Kubwa kafin ka shige ta, kuma ita ma ta Bwari ce.

Ga yadda ake tantancewa. Kafin ka biya ko kafin alƙalami, ka nemi kwafin takardar mallakar, ko R of O ce (takardar farko ta ba da filin) ko C of O (cikakkiyar takardar shaidar mallaka), tare da taswirar filin da ake kira TDP. Abu huɗu za ka fitar daga ciki: lambar fayil, lambar fuloti, lambar gunduma, da girman filin a murabba'in mita. Lambar fayil takan fara da haruffa kamar KN ko KD ko MISC. Kada wannan ya ruɗe ka, haruffan na nuna jihar wanda aka fara bai wa filin ne, ko kuma cewa kamfani ne, ba inda filin yake ba.

Da waɗannan sai a je AGIS, ofishin rajistar filaye na Abuja da aka kafa a 2003, a nemi rahoton bincike. Ana buƙatar wasiƙar amincewar mai filin da kwafin takardarsa, a biya kuɗin ta hanyar da hukuma ta tanada. Rahoton zai nuna sunan mai filin, gundumar, girmansa, ko na zama ne ko na kasuwanci, bashin harajin ƙasa, da ko an jinginar da shi a banki. Mai filin da ya ƙi ba da wasiƙar amincewa ya riga ya ba ka amsa.

Amma rahoton ba ya cewa filin da aka kai ka ka gani shi ne na takardar. Nan ne aka fi cutar mutane: takarda ta gaskiya, fili na wani wuri. Saboda haka sai safiyo mai rajista, wanda kai ka ɗauko shi ba mai sayarwa ba, ya je da na'ura ya nemo turakun siminti na kusurwoyin filin, ya gwada lambobinsu da na kan TDP. Kowace kusurwa lamba biyu gare ta, ta gabas da ta arewa. A cikin birnin lambar gabas takan zama mai alƙaluma shida da ta fara da 3, lambar arewa kuma tana wajen 1,000,000, ƙasa kaɗan a ɓangaren Lugbe, sama kaɗan a ɓangaren Gwarinpa. In ka ga lambobin sun yi nesa da wannan, akwai magana.

Kuskuren da masu wayo ke yi shi ne su kwafi lambobin su zuba a Google Maps su ce sun gama. Takardun awo da yawa a Najeriya bisa ma'aunin awo da ake kira Minna aka yi su, wayar hannu kuwa da ma'aunin duniya na WGS84 take aiki. In ba a juya lissafin ba, alamar za ta iya kaucewa da kusan mita 100. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in mita 465 ne kawai, faɗinsa kamar mita 15. Ka ga kaucewar mita 100 ta isa ta ajiye ka a filin mutum na shida, ko a cikin kwari, ko a kan hanyar da aka tsara ba a fasa ba tukuna. Waya tana iya gaya maka unguwa, ba ta iya nuna maka iyaka.

Lauya_A:

Malam Safiyo ya gama da ɓangaren awo. Bari in ɗora da abin da sunan ke jawowa a shari'a, don a nan asarar take.

Iyakar da ta fi kowace nauyi ita ce ta jiha. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta. Abuja kuwa, wadda aka ƙirƙira da doka ta 6 ta 1976, sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya ce ƙasarta duka ta gwamnatin tarayya ce, kuma ministan Abuja ne ke bayarwa. Saboda haka fili a Mararaba ko Ado ko Masaka, gwamnan Nasarawa ne ke sa hannu a C of O ɗinsa, rajistarsa tana NAGIS, ofishin rajistar filaye na jihar. Fili a Madalla ko Suleja na jihar Neja ne, rajistarsa tana NIGIS. Ka kai takardar irin wannan fili AGIS, ba za a samu fayil ba, ba don jabu ba ce, sai don ba hurumin su ba ne. In rigima ta tashi, kotun jihar da filin yake ita za ta saurara. Ba laifi ba ne mutum ya sayi fili a Nasarawa, filin halal ne kuma yana da araha. Laifin shi ne a karɓi kuɗin Abuja a hannunsa.

Akwai wani bambanci da mutanenmu da suka saba da tsarin Kano ko Katsina ko Zariya ba su cika lura da shi ba. A jihohi, gonar gado da aka saya da shaidar dagaci da mai unguwa tana da tushe, ana iya bin ta har a samu takardar gwamnati. A cikin Abuja kotuna sun sha yanke cewa babu mallakar gargajiya, sai abin da minista ya bayar. Takardar sarkin ƙauye a Mpape ko Dawaki ko Karmo ba ta ba ka komai a kan wanda ya zo da R of O na wurin. Ranar rusau kuma, maganar diyya ko sake matsuguni da 'yan asalin wurin ake yin ta, baƙon da ya saya a hannunsu ba ya cikin lissafi. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin laƙaba wa filin ƙauye sunan gunduma ya wuce wayon talla. Mai saye yana jin Maitama sai ya ɗauka takardar minista ce a ƙasa.

Takardun ƙananan hukumomin Abuja shida, wato AMAC (ta cikin birni), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, su ma a yi hattara. A da shugabanninsu sun raba filaye da yawa. Zamanin minista Nasir el-Rufa'i aka ce a kawo su a tantance, aka bai wa masu su takardar shaidar karɓa. Wannan shaidar cewa an karɓi fayil ce kawai, ba mallaka ba ce, kuma da yawansu sun shekara da shekaru ba su wuce wannan matakin ba. Filayen Lugbe da Kuje da Kubwa da ake tallatawa da sunan "Airport Road" ko "kusa da Gwarinpa" da dama irin wannan takardar suke ɗauke da ita.

Rukunin gidaje kuma nasa daban ne. Kamfani ne ke riƙe da babbar takarda ta hekta kaza, kai wasiƙar rabo ce za ka samu daga kamfanin. Sunan da aka rubuta a ƙofar shiga, kamfanin ne ya zaɓa. Ka nemi babbar takardar ka ga gundumar da ke jiki, ka ga tsarin rabon da hukumar kula da gine-gine ta amince da shi, ka tabbata fulotinka yana ciki, ba a wurin da aka ware don lambu ko magudanar ruwa ba. A cikin Gwarinpa ta asali kuma gidaje da yawa na hukumar gidaje ta tarayya ne, FHA, can za a yi bincike kuma can za a nemi amincewar canjin suna.

Ko sunan gaskiya ma ba ya kare fili. A Disamba 2024 an sanar da soke filaye 762 a Maitama II saboda rashin biyan kuɗin C of O, a Maris 2025 kuma aka soke 4,794 a manyan gundumomin kashin farko saboda bashin harajin ƙasa na sama da shekara 10. Don haka layin bashi a rahoton AGIS a karanta shi da kyau.

Tambayarka ta ƙarshe, Malam. Mutum na iya neman warware ciniki idan ya tabbatar an gaya masa ƙarya a kan abu mai muhimmanci kuma a kanta ya dogara ya biya. Wahalar ita ce tabbatarwa. In yarjejeniya ta ambaci lambar fuloti daidai, kuma an kai ka ka gani da idonka, mai sayarwa zai ce sunan da ke talla kowa haka yake kiran wurin. Dillalin da ya rubuta tallan ma galibi ba ya cikin masu sa hannu. Maganin tun farko ne: a rubuta lambar fayil, lambar fuloti, lambar gunduma, ƙaramar hukuma da jiha a cikin yarjejeniya, a liƙa TDP a jikinta kowa ya sa hannu a kai, a ƙara sharaɗin cewa in bincike ko awo ya saɓa da wannan bayanin za a mayar da kuɗi gaba ɗaya cikin kwana kaza, har da la'ada. A ɗauki hoton tallan a ajiye, don ana goge shi da zarar kuɗi sun shiga. A biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda.

Hajiya_Dillaliya:

Barista, na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma kada a yi wa dillalai kuɗin goro. Ba kowane sunan kasuwa ne yaudara ba.

Ku ɗauki Life Camp. Sunan ya samo asali ne daga sansanin ma'aikatan kamfanin gine-gine tun ana gina birnin. Takardun gidajen wurin za ka ga wasu Gwarinpa I, wasu Dape, wasu Kafe. In dillali ya rubuta "gida a C04" ba wanda zai kira shi, mai tasi ma bai san wurin ba. Apo ma haka take: rukunin gidajen 'yan majalisa a gundumar Gudu yake, ga Apo Resettlement, ga Apo wajen makanikai, kowanne da farashinsa da irin mutanensa, duk ana ce musu Apo. Guzape kuwa an daɗe ana ce mata Asokoro Extension, yanzu da ta yi suna da kanta ba mai buƙatar aron. Sannan shafukan talla da yawa jerin unguwanni suke ba ka ka zaɓa, in ƙaramar unguwarka ba ta ciki dole ka danna mafi kusa.

Ni a wurina ma'aunin shi ne hanyar shiga. In gidan da hanya ɗaya ake shigarsa da unguwar da aka ari sunanta, ruwansu ɗaya, layin wutarsu ɗaya, to sunan bai yi ƙarya ba. In sai an tsallaka babban titi, ko an bar kwalta an hau turɓaya, ko an canza ƙaramar hukuma, dillalin kirki zai rubuta sunan wurin na gaskiya, sa'an nan ya ƙara da cewa yana kallon wuri kaza. "Dawaki, daura da Gwarinpa" magana ce mai tsabta. "Gwarinpa" kaɗai a kan gidan Dawaki cuta ce.

Mai neman haya ba ya buƙatar zuwa AGIS, abin da zai duba daban ne. Kafin ya biya kuɗin zuwa gani, ya ce a turo masa alamar wurin ta WhatsApp daga ƙofar gidan, ba daga mahaɗar bakin titi ba. Ya tambayi maƙwabta ko ruwan famfo na hukumar ruwa ta Abuja ya iso layin, ko rijiyar burtsatse ce, ko sai 'yan garuwa. Ya duba mitar wuta ya ga rukunin da take, don tun Afrilu 2024 'yan rukunin A, masu alkawarin awa 20, kuɗinsu ya ninka na saura. Takardar wuta dai ba lallai ta raba gardamar jiha ba, domin kamfanin rarraba wuta na AEDC da rassansa ne ke ba Abuja da Nasarawa da Neja da Kogi duka. Ya je wurin da damina in zai yiwu, musamman Lokogoma da sassan Lugbe da ruwa ke ci. Kuma "minti 15 zuwa tsakiyar gari" da ake rubutawa, ya gwada shi ranar Litinin da ƙarfe 6:30 na safe. Wanda ke fitowa ta Nyanya da Kugbo zuwa mahaɗar AYA ta Asokoro ya san abin da nake nufi.

La'adar haya a Abuja galibi kashi 10 ce cikin 100 na kuɗin shekara, ban da kuɗin lauya da na ajiya. Duk ƙarin da sunan aro ya jawo wa haya, waɗannan ma sai sun hau tare da shi.

Ɗan_Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Saura maganar Karu. Mutum yana tsaye a filin, ta yaya zai gane ɓangaren da yake?

Safiyo_Bwari:

Karu biyu ce, Malam. Akwai Karu ta cikin AMAC, maƙwabciyar Nyanya, wadda hanyarta ke wucewa Jikwoyi, Kurudu, Orozo har Karshi. Akwai kuma ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, wadda ta ƙunshi Mararaba, Ado, New Nyanya, New Karu da Masaka a kan titin Keffi. Waɗannan masu "New" ɗin sun samo sunan ne daga shirin kwashe mazauna asali zuwa wajen Abuja a farkon ginin birnin. Sabon Wuse ma haka ta samu, ita kuma tana ƙaramar hukumar Tafa a jihar Neja, nesa da Wusen kasuwa. A ɓangaren Zuba ma a kula: Zuba ta Abuja ce, Madalla da ke manne da ita ta Neja ce.

A kan titin Keffi iyakar a bayyane take tsakanin Nyanya da Mararaba. Matsalar tana can ciki, bayan Jikwoyi da Orozo da wajen Karshi, inda gine-gine suka haɗe, ba kogi ba titi, Karshin ma akwai ta Abuja akwai ta Nasarawa. A irin wurin nan alamu na taimakawa: allon makarantar firamare ta gwamnati mafi kusa, rasiɗin harajin da masu shaguna ke biya, da lambar rumfar zaɓe, wadda ke farawa da 37 in Abuja ce, 25 in Nasarawa ce, 26 in Neja ce. Amma alamu ne kawai, don rumfa na iya zama a tsallaken iyaka da gidan.

Abin da ke yanke magana shi ne safiyo ya ɗauki lambobin kusurwoyi huɗun, a kai su a ɗora a taswirar AGIS, a kuma kai su NAGIS. In ɗaya ta ce nata ne ɗaya ta ce ba nata ba, ka san inda za ka nemi takarda. In duka biyun suka nuna filin a cikin nasu, ko aka tarar an riga an ba wani shi a ɗaya ɓangaren, wannan rigima ce ta gwamnatoci da hukumar kula da iyakoki ta ƙasa, ba wadda mai fuloti ɗaya zai iya kashewa ba. Kada ka biya, ka nemi wani filin da ya ba iyakar tazarar ko da mita 500 ne.